Wa ya ba su izinin sa alama a ƙofar gidanka? Fashin baƙi kan wasannin waya masu bin taswira

A watan Yulin 2016, 'yan kwanaki bayan fitowar wasan Pokémon Go, wani magidanci a jihar Massachusetts ta Amurka ya wayi gari ya tarar mutane na ta taruwa a ƙofar gidansa. Wasu a tsaye, wasu a cikin mota, kowa ya duƙufa a kan wayarsa, har tsakar dare. Ba wurinsa suka zo ba, ba su ma san da zamansa ba. Gidan nasa tsohon coci ne da aka daɗe da mayarwa wurin zama, amma a taswirar wasan yana nan a matsayin coci, saboda haka aka mai da shi fagen karawa. Babu wanda ya tambaye shi kafin a yi hakan, kuma a lokacin bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa a cire ba.

Mai karatu a Kano zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Ni kuwa ina ganin tsarin birninmu ya sa batun zai fi yi mana nauyi a kan garin da abin ya faru. Amma kafin a kai nan, sai an gane yadda irin waɗannan wasanni suke aiki.

Wasan waya na yau da kullum kana kwance a ɗaki kake yinsa. Wannan kuwa sai ka fita. Wayarka tana karɓar saƙon tauraron ɗan'adam ta hanyar GPS, ta san inda kake tsaye, sannan ta nuna ka a kan taswirar garinku ta gaskiya, da titunanta da kwanoninta. A kan taswirar an warwatsa alamomi. Wasu tashoshi ne da ake tsayawa a kwashi kayan wasa, su ne ake kira PokéStop. Wasu fagagen karawa ne inda ƙungiyoyi ke ƙwace wuri daga hannun juna. Ba ka isa ka taɓa alama ba sai ka matso kusa da ita da ƙafarka. A farko tazarar mita 40 ce. A 2020, lokacin kullen korona, kamfanin ya ninka ta zuwa mita 80. Ya yi yunƙurin komawa tsohuwar a 2021, 'yan wasa suka yi masa ca, ya bar ta a 80.

Sannan akwai abubuwan da aka tsara musamman don tara jama'a. Ɗan wasa zai iya manna wa tasha wani abu da ke janyo dodannin wasan, wato halittun da 'yan wasa ke farauta a wayoyinsu, na tsawon minti 30, kuma duk wanda ke kusa zai gani a wayarsa ya garzayo. Akwai kuma manyan dodanni da mutum ɗaya ba ya iya kayar da su, sai an yi musu taron dangi a wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Ke nan cinkoson ba kuskure ba ne da ya faɗo wa wasan. Shi ne ƙashin bayansa.

To wa ya zaɓi wuraren? Kamfanin Niantic, wanda ya ƙirƙiri wasan, a cikin Google aka haife shi, ya ɓalle ya tsaya da ƙafarsa a 2015. Wanda ya kafa shi, John Hanke, shi ne ya jagoranci kamfanin Keyhole da Google ya saya a 2004, wanda aikinsa ya zama Google Earth. Mutanen taswira ne tun asali. A ƙarshen 2012 suka fito da wasa mai suna Ingress, suka ce wa 'yan wasa: duk inda kuka ga abin sha'awa, gunki ne, zanen bango ne, wurin ibada ne, tsohon gini ne, ku ɗauki hotonsa ku turo. Mutane suka turo wurare miliyoyi, kyauta. Da Pokémon Go ya zo a 2016 sai aka ɗauko wannan rumbun aka ɗora shi a kai. Alamar da 'yan tsirarun masu Ingress ke ziyarta jefi-jefi sai ga ta ta zama matattarar ɗaruruwa. Daga 2019 kuma aikin tantance sababbin wurare ya koma wani dandali mai suna Wayfarer, inda 'yan wasa ke duba abin da 'yan'uwansu suka turo su kaɗa ƙuri'a. Wasannin da suka biyo baya, irin su Pikmin Bloom na 2021 da Monster Hunter Now na 2023, duk daga rumbun nan suke ɗiba.

Duba wannan zaren da kyau: mai turowa ɗan wasa ne, mai tantancewa ɗan wasa ne, mai cin riba kamfani ne. Mai gida ba ya ciki. Limamin masallaci ba ya ciki. Mai kula da maƙabarta ba ya ciki. Su ba sa ganin alamar ma, tunda a wayar mai wasa kaɗai take fitowa. Abin da suke gani shi ne mutane.

Wuraren tarihi ne suka fara kokawa. Tun a 2015 jaridar Die Zeit ta Jamus ta bankaɗo cewa sansanonin da 'yan Nazi suka hallaka mutane, irin su Dachau da Sachsenhausen, sun zama wuraren fafatawa a Ingress, har kamfanin ya ba da haƙuri. Duk da haka, shekara guda bayan nan, gidan tarihin tunawa da kisan ƙare-dangin Yahudawa da ke Washington ya roƙi mutane su daina farautar dodannin Pokémon Go a cikinsa. Maƙabartar sojoji ta Arlington ta yi irin wannan roƙo. Hukumomin Hiroshima a Japan sun nemi a share alamomin da ke dandalin tunawa da bam ɗin nukiliya kafin taron juyayi na ranar 6 ga Agusta, aka share. A Kambodiya, gidan tarihin Tuol Sleng, tsohon kurkukun azabtarwa na gwamnatin Khmer Rouge, ya hana wasan a harabarsa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, sai da abin ya faru, aka ji zafi, aka yi magana, sannan aka gyara. Kuma waɗannan wurare ne masu suna, masu kakaki da lauyoyi.

Unguwanni ma sun ɗanɗana. A Rhodes da ke birnin Sidni na Ostareliya, wani ɗan ƙaramin lambu a tsakiyar gidajen bene ya samu tashoshi uku a manne da juna. Ɗaruruwan mutane suka riƙa kwana a wurin, ga hayaniya, ga shara, ga motoci sun toshe hanya, har mazauna suka fara jifansu da ruwa daga sama. Sai da ƙaramar hukuma ta sa baki aka cire. A birnin Hague na Holan kuwa, tuddan yashi na bakin teku da doka ta kare ne aka tattake, kuma kamfanin bai saurari hukumar birnin ba sai da ta kama hanyar kotu.

A Amurka masu gidaje sun haɗu sun kai Niantic ƙara a kotun tarayya da ke Kalifoniya tun 2016. Tambayar da suka ɗora a gaban alƙali sabuwa ce: wanda bai taka filinka ba, amma ya ajiye abin da ke kiran mutane zuwa filinka, shin ya shiga haƙƙinka? Kotu ba ta kai ga amsa ta ba, domin an yi sulhu a 2019 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ya dai yi alƙawarin cewa idan mai gida ya koka kan alamar da ke cikin mita 40 daga gidansa, za a duba cikin kwana 15, kuma in an amince za a cire cikin kwanakin aiki biyar. Sharaɗin ya tsaya ne a kan gidan da iyali ɗaya ke zaune a cikinsa. Waɗanda suka jagoranci ƙarar sun tashi da dala dubu ɗai-ɗai, lauyoyi suka tashi da dala miliyan huɗu. Ƙoƙarin hukuma na kama bakin zaren ma bai yi nisa ba: a 2017 gundumar Milwaukee ta kafa dokar cewa sai kamfanin wasa ya nemi lasisi kafin ya sa alama a lambunan shaƙatawarta, wani kamfani ya kai ƙara, alƙali ya dakatar da dokar bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki.

Yanzu a ɗauko waɗannan ƙa'idoji a shigo da su ta Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Wambai a ga ko za su zauna.

Fara da mita 40. Da'irar da ta miƙa mita 40 ta kowane gefe tana cin fili kusan murabba'in mita dubu biyar. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 a 100, bai kai murabba'in mita 500 ba. Ke nan alama ɗaya ta lulluɓe fuloti goma da ɗoriya, ta mita 80 kuwa fiye da arba'in. Wannan a sababbin unguwanni ke nan masu layi a miƙe. A cikin birni, a Yakasai ko Jakara ko Mandawari, inda katangar wannan ita ce ta wancan, kuma lungu bai wuce mutum biyu su gifta juna ba, da wuya ka sami wurin da ba ya cikin mita 40 daga ɗakin kwanan wani. Wanda ya tsara ƙa'idar yana hangen gida ne a tsaye shi kaɗai, da ciyawa a gabansa da titi mai faɗi. Ƙari a kan haka, ita kanta GPS ɗin waya a fili ma takan kauce da 'yan mitoci, a tsakanin gine-gine kuma ta fi haka. Yaron da wayarsa ke ce masa "matsa kaɗan" a cikin lungu, inda zai matsa ɗin zauren wani ne.

Sai batun "iyali ɗaya". Gidan gado a cikin birni, mai sassa biyar ko shida, da kaka da 'ya'ya da matansu da jikoki, ƙofa ɗaya zaure ɗaya, a wane layi zai faɗa? Mai tantancewa da ke kallon hoton sama daga wata ƙasa zai iya ɗaukarsa gidan haya na jama'a da yawa, wanda kariyarsa ba ta kai ta gidan iyali ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne irin wuraren da ƙa'idojin Wayfarer suke so. Suna son wuraren ibada. Suna son gini mai fasali na gargajiya da zanen bango. To a nan Kano ina waɗannan suke? Masallacin ƙofar gida yana jingine da katangar mai gida, wani lokacin ma wani ɓangare ne na gidan aka yanka. Zanen dagi da zankwaye da ƙofa mai ado a fuskar gidan mutum suke, ba a gidan kallo ba. Ƙa'idojin sun hana sa alama a makarantun yara, wannan kuwa daidai ne, amma makarantar allo da ke zauren malam ba ta da allon suna, ba ta kan taswira, kuma yara sun cika ta safe da yamma. A wajensu gida daban, wurin ibada daban, makaranta daban, wurin tarihi daban. A wajenmu sau da yawa katanga ɗaya ce ta haɗa huɗun.

A ƙaddara wani ya turo hoton wani ɗan masallaci mai kyakkyawar hasumiya a wani lungu, aka amince, ya zama fagen karawa. Bayan la'asar samari shida sun zo sun jeru a kan dakalin gidan da ke jikinsa. Ba su zagi kowa ba, ba su taɓa komai ba. Amma matar gidan da za ta fita unguwa ta leƙo ta koma. Yarinyar da aka aika kai niƙa ta tsaya a soro tana jiran su tashi. Dattijon gidan ya fito da buta a hannu.

"Samari, lafiya? Wa kuke nema?"

"Lafiya lau, Baba. Wasa muke yi a waya, yanzu za mu wuce."

"Wasan ne sai a ƙofar gidana?"

"Wallahi Baba ba mu muka zaɓa ba, nan aka sa shi."

Kuma gaskiya yaron ya faɗa. Gobe wasu ne za su zo, jibi wasu. Dattijon zai iya korar kowane rukuni, amma abin da ke kawo su yana nan daram, ba ya ganinsa, bai san sunansa ba. Kamar mutum ne ya raba goron gayyata ya sa adireshin gidanka, shi kuma yana can wata ƙasa.

Ta ɓangaren ɗan wasa, addini da al'ada sun riga sun gama magana. Aya ta 27 da ta 28 a Suratun Nur sun hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma in an ce ka koma, ka koma. Hadisi ya ce an sanya neman izini ne saboda gani, wato ido ma yana shiga gida kafin ƙafa. Wani hadisin ya ɗora wa mai zama a bakin hanya haƙƙoƙi, na farkonsu runtse ido da kame cuta. Rubutun "ba a shiga" da ke jikin ƙofofinmu ma ya isa. Tsarin mulkin 1999, sashe na 37, ya kare sirrin mutum da na gidansa. Matsalar tana wajen kamfanin, wanda zai ce shi bai shiga ko'ina ba, a kan kwamfutarsa kawai ya ɗiga alama. A nan nake ganin fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kansa yana da abin cewa wanda kotun Kalifoniya ba ta kai gare shi ba. A cikin Risala, ƙarƙashin ƙa'idar ba cuta ba cutarwa, an hana mutum ya huda tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ko ya buɗe ƙofa daidai saitin tasa. Mai tagar a jikin katangarsa ya yi aikinsa, bai taka gidan kowa ba, amma an hana shi, domin cutar da ta isa ga maƙwabci ake dubawa. Wanda ya ajiye abin da ke tara baƙi a ƙofar gidan mutum, da wannan ma'aunin ya kamata a auna shi.

Wuraren tarihinmu kuma kowanne da irin larurarsa. Dutsen Dala, inda labarin Barbushe da Tsumburbura ya samo asali, duk wanda ya hau shi ya san abin da ake gani daga sama: ba rufin gidaje kaɗai ba, har tsakar gida, da igiyar shanya, da matan da ke aikinsu ba mayafi domin suna cikin gidansu. Mutane na hawa yanzu ma, amma mai yawon buɗe ido yakan duba ya sauka. Fagen karawa zaunar da mutum yake yi, ya kuma dawo da shi kullum, da kyamara a hannu. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, wurin sana'a ce: ramukan baba a jere a ƙasa, wasu a rufe wasu a buɗe, marina na tsugune suna tsoma ƙyalle suna ɗagawa ya sha iska, ga kayan mutane a shanye. Tsakanin rami da rami ɗan taki ne. Mai tafiya idonsa a waya ba shi da wurin sa ƙafa a nan. Badala, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, ƙasa ce. Abin da ruwan sama da masu ɗibar ƙasa da masu gini suka rage mata ba zai jure a riƙa hawanta ana neman sigina ba. Ƙofofin gari kuma yau a tsakiyar titi suke. Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Kabuga wurare ne da adaidaita sahu ke rububin fasinja. Masu bincike a Jami'ar Purdue sun duba rahotannin haɗura na wata gunduma a jihar Indiana, suka gano haɗura sun ƙaru a kusa da tashoshin wasan bayan fitowarsa. A Japan kuwa, tun watan Agustan 2016 wani direba da ke wasan yana tuƙi ya kashe wata mata a Tokushima.

Gidan Mumbayya da ke Gwammaja ya haɗa komai: gidan Malam Aminu Kano ne, kabarinsa na ciki, cibiyar nazari ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma a tsakiyar unguwa yake. Gidan Rumfa fada ce, amma gida ne da iyali a ciki. Maƙabartu irin ta Dandolo kuwa ba sai an tsaya bayani ba.

Akwai haɗarin da ya fi waɗannan kusa, kuma a kan ɗan wasan kansa zai faɗa. A garin O'Fallon na jihar Missouri, 'yan sanda sun kama wasu matasa a 2016 da zargin amfani da abin janyo dodannin nan wajen tara mutane a keɓaɓɓen wuri su yi musu fashi. Duk wanda ke zaune a Kano ya san yadda ƙwacen waya ya addabe mu, har da asarar rayuka. Wasan da ke sanar da kowa cewa a lungu kaza, a minti talatin masu zuwa, za a sami masu manyan wayoyi a hannu, ya sauƙaƙa wa ɗan daba aiki. Sannan ga zargi. Garin da ya ga harin 20 ga Janairun 2012, ya ga na Babban Masallacin Juma'a ranar 28 ga Nuwamban 2014 da ya ci rayuka fiye da ɗari, ba ya kallon baƙon da ke zagaya masallaci yana ɗaukar bidiyo da sakakkiyar zuciya. A Indonesiya an tsare wani Bafaranshe da ya faɗa sansanin soja yana bin dodo, aka sake shi bayan 'yan sa'o'i. A nan, kafin a kai ga bayani, jama'a na iya taruwa a kan mutum, kuma mun san yadda irin wannan taro yake ƙarewa.

Duk da wannan, ba na cikin masu cewa a haramta. Iran ta haramta wasan tun Agustan 2016 bisa dalilin tsaro, amma haramci ba ya goge alama daga rumbun kamfani, kuma yana zubar da alherin da ke ciki. Alherin kuwa akwai shi. Yara nawa ne a Hotoro ko Rijiyar Zaki za su iya lissafa ƙofofin Kano, balle su ce sun taka su? Ganuwar Kano da wuraren da ke tattare da ita suna jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 2007, Gidan Makama na buƙatar maziyarta, kuma abin da matasa ba su sani ba ba za su tsaya kare shi ba ranar da aka zo rushewa. Wasan da zai sa saurayi ya taka daga Kurmi zuwa Ƙofar Na'isa yana karanta tarihin kowace ƙofa abin so ne. Mai shayi da mai awara da ke kusa ma za su samu ciniki. A Japan an yi haka da gangan: a Nuwamban 2016 aka saki wani dodo da ba a cika samu ba a yankunan da igiyar ruwan tsunami ta 2011 ta ɗaiɗaita, mutane suka yi tururuwa zuwa can suka kashe kuɗi. Bambancin wannan da abin da ya faru a Hiroshima abu ɗaya ne. Hukumomin yankin ne suka nema, suka shirya, suka san ranar da baƙi za su zo.

Kamfanin ma ya san cewa taron nan yana da farashi. Ranar da wasan ya fito a Japan, shagunan McDonald's kusan dubu uku sun zama tashoshi da fagage bisa yarjejeniyar kuɗi. Wato idan aka karkata ƙafafun mutane zuwa ƙofar ɗan kasuwa, biya yake yi. Idan aka karkata su zuwa ƙofar magidanci, shi ke kwasar hayaniya da shara, kuma shi ake jira ya rubuta takardar koke. Wannan rabon bai yi adalci ba.

Akwai kuma abin da ake kwasa a tafi da shi. Wasan ya riƙa ba ɗan wasa lada idan ya zagaya wuri yana ɗaukarsa a bidiyo ta kowane gefe. A Nuwamban 2024 Niantic ya bayyana cewa yana gina wata babbar ƙirƙirarriyar basira mai gane wurare, da taimakon hotunan wurare kusan miliyan goma da aka ɗauka a duniya. Kamfanin ya ce yana dusashe fuskoki da lambobin mota. To amma ƙofar gida a buɗe fa, da abin da ke bayanta? A Maris ɗin 2025 aka sanar da sayar da sashen wasannin ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan uku da rabi. Shi kuma Scopely mallakar Savvy Games ne na asusun zuba jarin gwamnatin Saudiyya. Sashen taswirar ya zama kamfani mai zaman kansa, Niantic Spatial. Hoton katangar gidanka zai iya sauya hannu sau biyu kai ba ka san an ɗauka ba. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta ba hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, iko a kan bayanan mutum. Ya kamata hukumar ta fito ta faɗi matsayin irin wannan ɗauka a unguwannin da mutane ke zaune.

Gaskiya ne har yau Kano ba ta ga irin cincirindon Sidni ba. Tsadar data, rashin wutar cajin waya, zafin rana da tsoron ƙwace sun taƙaita abin. Wannan jinkirin dama ce, domin tun ran gini ran zane. Ba a buƙatar dubban 'yan wasa kafin alama ta hau taswira, mutum ɗaya mai waya ya isa ya turo, kuma tana shiga rumbun za ta zauna jiran wasan da zai yi farin jini nan gaba. Ba lallai ma daga waje zai zo ba. Matasanmu masu rubuta manhaja za su iya ƙera na gida, da hawan Daushe da ƙofofin gari a ciki, kuma ina fatan su yi. Sai dai su fara ta inda wancan ya tsallake.

Abin da nake ganin ya dace ba shi da tsada. Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha da ke Gidan Ɗan Hausa, da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa mai kula da Gidan Makama, da masarauta, su zauna su fitar da jerin wuraren da ake maraba da wasa a cikinsu da sa'o'in da aka yarda, da jerin waɗanda ba a yarda ba ko kaɗan: maƙabartu, cikin masallatai, saman Dala ta ɓangaren da ke kallon gidaje, jikin badala, makarantun allo. A aika wa kamfanonin a hukumance, domin abin da ya faru a Hiroshima da Hague ya nuna sun fi jin muryar hukuma a kan ta mutum ɗaya. A cikin unguwa kuwa, duk ɗan wasan da zai turo hoton masallaci ko gida mai ado ya fara zuwa wurin mai gidan ko limamin, in abin ya shafi lungu duka ya je wurin mai unguwa. In an ce a'a ya haƙura.

Wanda kuma ya riga ya ga baƙin fuska na yawan tsayawa a ƙofarsa da waya, kada ya fara da faɗa. Ya tambaye su sunan wasan, ya ce su nuna masa alamar da sunan da aka ba ta. A shafin taimako na kamfanin akwai fom na neman a cire wuri, kuma ba sai kana wasan ba kafin ka cike shi. Za a nemi adireshin imel, da inda wurin yake a taswira, da dalilin koken. Da Turanci ake cikewa, don haka dattijon da ke da gidan zai buƙaci ɗa ko jika ya zauna kusa da shi, kuma sau da yawa yaran da ke zaune a kan dakalin ne suka fi kowa sanin inda fom ɗin yake.